Ina karanta kimiyyar kwamfuta: wane kwas zan ɗauka daga wani sashe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen kimiyyar kwamfuta, na gama aji biyu zan shiga aji uku. An ba mu damar ɗaukar kwasa-kwasan zaɓi daga wasu sassa. Ƙawayena sun ce in nemi mai sauƙi, wanda kowa ke cin A, don makina ya ɗaga. Yayana kuma ya ce in ɗauki na kasuwanci, wai shi ne zai amfane ni in na fita. Ni kuwa ban ma san ta inda zan fara tunani ba. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa albarka a karatu. Na yi shekaru ina rubuta manhajar kwamfuta kafin in koma koyarwa, kuma na riƙe kodinetan aji, wato ni ɗalibai ke kawo wa fom ɗin rajista in sa hannu. Tambayar nan takan zo mini kowace shekara, sai dai galibi a makare, bayan an rufe rajista. Ke kin yi ta a kan kari.

Ga amsar a dunƙule kafin in warware miki ita. Ki fara duba ko kwasa-kwasanki na dole sun ba ki isasshen lissafin ƙididdiga da aljabarar matiriks, wato lissafin lambobin da aka jera a jadawali. In akwai giɓi, shi za ki fara cikewa. Abin da ya rage na gurbi kuma ki zuba shi a fanni guda ɗaya, kwas biyu ko uku masu bin juna, fannin da za ki so ki yi wa mutanensa aiki da kwamfuta in kin gama. Kada ki yi ɗan tsinci nan tsinci can, ɗaya a tarihi, ɗaya a kimiyyar siyasa, ɗaya a Faransanci. Matakin farko na fanni uku ba ya tara miki komai, gaisuwa kawai kika yi a ƙofar gida uku ba ki shiga ko ɗaya ba.

Dalilin da ya sa na nace a kan haka shi ne gurbin ƙarami ne ƙwarai. Sabon tsarin manhajar karatu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, wanda ake kira CCMAS, ya riƙe kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta. A cikin kashi 30 ɗin ma sashenki zai cinye mafi yawa da nasa kwasa-kwasan. Ki cire zangon da za ki tafi SIWES, wato koyon aiki a ma'aikata, ki cire firojet na ajin ƙarshe. A sassan da na sani, abin da ke saura wa ɗalibi ya zaɓa daga waje bai cika wuce kwas uku ko huɗu ba a duk tsawon digirin. Abin da yake kaɗan haka ba a watsa shi.

Bari mu fara da maganar ƙawayenki, domin tsoron da ke bayanta na gaske ne, kuma lissafi ne zai raba gardama. A ce kin tara yunit 60 da CGPA (matsakaicin makinki na duk kwasa-kwasai) 4.00, wato maki 240. Kika ɗauki kwas mai yunit 3, inda A ke ba da maki 5 a kowane yunit, C kuma maki 3. In kin ci A za ki koma 255 a raba da 63, wato 4.05. In kin ci C za ki koma 249 a raba da 63, wato 3.95. Ranar da za ki kammala da yunit 120 ko fiye, tazarar da ke tsakanin wannan A da wannan C ba za ta wuce 0.05 ba. To ki auna. Idan kina tsaye a bakin iyaka, kamar 3.47 kina neman 3.50, ko 4.46 kina neman 4.50, wannan 0.05 tana iya zama ita ce darajar digirinki, kuma guraben tallafin karatu da yawa suna yanke hukunci ne da wannan darajar. A irin wannan hali ba zan ga laifinki ba in kin yi taka-tsantsan, musamman a ajin ƙarshe. Amma in kina tsakiyar zango, 3.8 ko 4.1, sayar da kwas ɗin da zai canza yadda kike tunani saboda 0.05 asara ce babba. Kuma wani abu da na gani da idona sau da yawa: kwas ɗin da aka yi wa lakabi da mai sauƙi shi ne ɗalibai ɗari biyar ke cika, ba mai zuwa lakca, malamin ya fusata ko a canza shi, sakamako ya fito da C da D rututu. Ɗalibi ya fi cin jarrabawar abin da yake sha'awa, ko da mai wuya ne.

Akwai ma'aunin da nake ba ɗalibaina. Ki tambayi kanki: wannan abin, zan iya koyonsa ni kaɗai da waya da data a cikin hutu? In amsar e ce, kada ki kashe masa gurbi. Sabon yaren rubuta kod, yadda ake ƙera shafin intanet, yadda ake amfani da wata manhajar zane, duk waɗannan ɗalibar kwamfuta tana koyonsu da kanta, kuma cikin shekara biyar rabinsu sun tsufa. Abin da ke da wuyar koyo a ɗaki ke kaɗai shi ne yadda mutanen wani fanni ke tunani, irin tambayar da suke yi, da abin da suke karɓa a matsayin hujja. Wannan yana buƙatar malami ya ba ki aiki, ya duba, ya ja miki jan biro, ki sake.

Tarihin fanninmu ma ya nuna haka. Claude Shannon, lokacin da yake ɗalibi a Jami'ar Michigan ta Amurka yana karanta injiniyancin lantarki da lissafi, ya shiga wani ajin falsafa inda ya haɗu da manɗiƙin George Boole, wanda aka rubuta tun 1854, tsarin da ke mayar da gaskiya da ƙarya, da "kuma" da "ko", su zama lissafi. Galibin injiniyoyin lantarki na lokacin ba su ga abin da ya haɗa su da wannan ba. A 1937, yana ɗan shekara 21 a jami'ar MIT ta Amurka, Shannon ya nuna a kundin digirinsa na biyu cewa makunnan lantarki masu buɗewa da rufewa suna bin wannan aljabarar daidai wa daida. Duk wata kwamfuta da kika taɓa taɓawa a kan wannan fahimtar aka gina ta. Geoffrey Hinton, wanda ya samu kyautar Nobel a 2024 saboda aikinsa a kan koyon na'ura, digirinsa na farko a Cambridge a 1970 a ilimin halayyar ɗan Adam ya yi shi. Ba ina cewa duk wanda ya shiga ajin falsafa zai zama Shannon ba ne. Abin lura shi ne ya ɗauki abin da ya koya a can da muhimmanci har ya riƙe shi shekaru, sai ga ranar amfaninsa ta zo.

Yanzu lissafin ƙididdiga, wanda na ce shi ne farko. Kusan kowane sashen kwamfuta yana ba da kwas ɗaya na gabatarwa a aji ɗaya ko biyu, a koya miki matsakaici da zanen jadawali, a wuce. Wannan bai isa ba ga mai son ta taɓa ƙirƙirarriyar basira ko nazarin bayanai. Ki je sashen ƙididdiga ki ɗauki lissafin yiwuwa na gaske, sannan wanda ke koyar da yadda ake yanke hukunci daga samfuri, da rigireshan, wato auna yadda wani abu ke sauyawa tare da wani, in da hali.

Ga misalin da nake ba kowane aji. A ce kin rubuta manhajar da ke gano cinikin damfara a banki. Tana kama 99 cikin kowace damfara 100, kuma a cikin ciniki mai tsabta sau ɗaya kawai take kuskure cikin 100. Kowa zai ce madalla. To a ce cikin ciniki 100,000, guda 100 ne na damfara. Manhajarki za ta kama 99 daga cikinsu. Amma a cikin 99,900 masu tsabta za ta yi wa 999 ƙazafi. Jimillar waɗanda ta tsayar 1,098, na gaskiya a ciki 99 kacal, wato kusan tara cikin ɗari. Sauran mutane ne da aka rufe wa asusu ba su ji ba ba su gani ba, wata tana asibiti za ta biya kuɗin magani. Ƙari a kan haka, manhajar da ba ta yin komai sai cewa "duk ciniki mai tsabta ne" za ta yi daidai sau 99.9 cikin ɗari. Ina zama a kwamitin kare firojet, kuma duk shekara sai ɗalibi ya tsaya yana alfahari da cewa manhajarsa ta kai kashi 98, in na tambaye shi kashi nawa ne na bayanansa ke ɗauke da abin da yake nema, sai ya yi shiru. Kod ɗinsa lafiya lau yake. Abin da ya rasa a sashen ƙididdiga ake koyar da shi.

Aljabarar matiriks da bekta (jerin lambobi a layi ɗaya) ita ce abokiyar tafiyarsa. Hoton da ke wayarki jerin lambobi ne a matiriks. Tsarin PageRank na jera sakamakon bincike da Larry Page da Sergey Brin suka gina Google a kansa a 1998 neman wata bekta ta musamman ne a cikin wani ƙaton matiriks na shafukan da ke nuni da juna. Manyan manhajojin hira na yau, in kika buɗe cikinsu, mafi yawan aikin da suke yi ninka matiriks ne da matiriks. In sashenki ya ba ki kashi na ɗaya kawai, ki bi sashen lissafi ki ɗauki na biyu.

Sai maganar yayanki. Yana da gaskiya, amma zan ɗan gyara masa. Kwasa-kwasan koyon sana'a da kafa kasuwanci an riga an sa su cikin na dole ga kowane ɗalibin jami'a, don haka in kika ƙara gabatarwar harkar kasuwanci, maimaici za ki sha. Abin da zan ce ki ɗauka a wannan tsangayar shi ne ka'idojin akanta. Ina faɗa miki wannan ne daga abin da ya same ni. A farkon aikina an ba ni in rubuta wa wata ƙungiyar adashi da bashi manhajar ajiye lissafin mambobinta. Na yi wa kowane mamba gida ɗaya a rumbun bayanai mai ɗauke da abin da ya rage masa, in ya zuba a ƙara, in ya ɗiba a rage, in an yi kuskure a goge a sake rubutawa. Ta yi aiki wata huɗu. Ranar da aka zo rufe lissafin shekara, kuɗin da ke akwati da na manhaja suka saɓa, kuma babu wata hanya da za a bi a gano inda aka kauce, domin ni da hannuna na ba su damar gogewa. An zargi ma'ajin ƙungiyar, dattijo mai amana, kuma ya kwana biyu cikin baƙin ciki kafin mu gano cewa shigarwa biyu aka yi wa wani kuɗi. Akantan da aka kira ya duba, cikin minti goma ya nuna mini abin da ɗan aji ɗaya a sashensu ya sani: kowane kuɗi ana rubuta shi a gida biyu, inda ya fito da inda ya shiga, jimillar ɓangarorin dole ta daidaita, kuma ba a goge kuskure, sabon layi ake rubutawa a warware shi. Tsarin nan masanin lissafi Luca Pacioli ya bayyana shi a rubuce a Venis tun 1494.

Ki dubi inda ayyukan manhaja suke a Najeriya yau. Paystack, wanda kamfanin Stripe ya saya a 2020, da Flutterwave, da Moniepoint, da OPay, da bankuna kansu, duk harkar kuɗi ce. Matsalar da kowa ya sani, a cire maka kuɗi a POS mai shago bai gani ba, sai an jira ribasal, matsala ce ta daidaita littafin wannan banki da na wancan. Injiniyar da ta san akanta tana gane ta tun kafin a gama yi mata bayani. Za ki kuma fahimci dalilin da ya sa ba a ajiye kuɗi da lamba mai ɗigo, tunda a yawancin yarukan kod 0.1 a tara da 0.2 ba ya ba da 0.3 cif, shi ya sa Paystack ke karɓar adadi a kwabo. In kuma kina sha'awar bankin da ba ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, kwas ɗaya a harkar kuɗi ta Musulunci zai nuna miki cewa murabaha ciniki ne: banki ya sayi kaya, ya sayar wa mutum da ribar da aka yanke tun farko. Wanda ya ɗauko manhajar bashi mai ruwa ya canza wa gidan "ruwa" suna zuwa "riba" ya ɓata abin tun daga tushe, domin lissafinta zai ci gaba da hauhawa da kwanaki.

Wannan ya tuna mini da rabon gado. Ɗalibai da yawa suna kawo shi a matsayin firojet, kuma abu ne mai kyau, don al-Khwarizmi, wanda daga sunansa aka samo kalmar algoridim, ya ba da babban kaso na littafinsa na aljabara ga matsalolin gado da wasiyya. Amma ki gwada manhajar da miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su suna da biyu bisa uku, jimilla bakwai bisa shida, ta wuce dukiyar. Wanda ya zauna gaban malamin fara'id ya san a nan ake yin auli, asalin mas'ala ya tashi daga shida zuwa bakwai, kowa ya ragu daidai gwargwado. Wanda bai zauna ba, manhajarsa ko ta tsaya ko ta ba da amsar da za ta raba zumunci.

Fannin da ni zuciyata ta fi karkata gare shi, kuma ba zan ɓoye miki ba, shi ne kimiyyar harshe. Da farko, yana da alaƙa ta jini da karatunki. Rabe-raben nahawu da masanin harshe Noam Chomsky ya fitar a 1956 su ne za ki sake haɗuwa da su a kwas ɗin otomata (ka'idar injinan lissafi) da na kwamfaila (manhajar da ke fassara kod zuwa yaren na'ura), domin yadda na'ura ke warware jimlar kod da yadda masanin ginin jimla ke warware jimlar mutum bishiya ɗaya suke zanawa. Na biyu kuma, ke Bahaushiya ce, kina riƙe da abin da injiniyoyin manyan kamfanonin duniya ba su da shi, sai dai saninki na mai magana ne, ba a tsare yake ba. Kwas a ilimin furuci da tsarin sauti, da wani a ginin kalma, su ne za su tsara miki shi.

Ki duba abin da na'ura ke fuskanta in ta zo Hausa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutu ɗaya ne. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya haka. "Ya zo" na labarin abin da ya wuce da "ya zo" na umarni, a baki sun bambanta, a takarda ba su bambanta ba, don haka manhajar da za ta karanta wa makaho rubutu da murya dole ta gane daga mahallin jimla. Mutane da yawa ba sa sa lanƙwasa a waya, sai "ƙafa" ta zama "kafa", "baƙi" ya zama "baki". A Najeriya muna rubuta 'ya'ya da alamar ɗauri, a Nijar suna amfani da ƴ, kuma manhajojin da aka gina don Turanci sukan ga wannan alamar su datse kalmar gida-gida. Jam'i kuwa ba a magana: gida gidaje, jirgi jirage, doki dawaki, akuya awaki, littafi littattafai. Injin bincike da bai san doki da dawaki abu ɗaya ne ba ya bar rabin amsa a baya. Aikatau ma yana sauya kama: ya sayi doki, ya saye shi, abin da ya saya, ya sayo, ya sayar. Masanin Hausa F. W. Parsons ya tsara wannan a matakai bakwai tun 1960, kuma ɗalibin Hausa na aji biyu ya san su, amma ɗalibin kwamfuta da ke son gina manhajar Hausa bai taɓa jin labarinsu ba, alhali tsakanin sassan biyu tafiyar minti biyar ce.

Google Translate ya sa Hausa tun 2013, kuma duk mai amfani da shi ya san inda yake tuntuɓe. Ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP suna tattara bayanai suna gina ma'auni don harsunan Afirka, kuma ƙofarsu a buɗe take ga ɗalibai. Abin da ake nema a irin wannan aiki shi ne mutumin da zai iya rubuta kod kuma ya iya bayyana dalilin da ya sa fassara ta karkace. In kina Bayero akwai sashen harsunan Najeriya, in kina Ahmadu Bello akwai sashen harsuna da al'adun Afirka, sauran jami'o'in Arewa ma kusan kowace tana da makamancinsu.

In harshe bai ja ki ba, ki duba taswira da lafiya da noma. Lokacin yaƙi da cutar shan inna a jihohin Arewa, ɗaya daga cikin matsalolin shi ne akwai rugage da ƙauyukan da ba sa cikin taswirar da ma'aikata ke bi. An yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam aka zana sababbin taswirori, aka ba tawagogin rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka, kuma eHealth Africa da ke Kano tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. A watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Bayanan asibitocin gwamnati kuma ana tattara su ne a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa. Kwas ɗin GIS, wato aikin taswira da kwamfuta, a sashen labarin ƙasa, da gabatarwar ilimin yaɗuwar cututtuka in ana ba 'yan waje, suna buɗe wannan ƙofar. Ta ɓangaren noma, kwas a tattalin arzikin noma ko aikin malaman gona zai hana ki gina wa manomi manhajar da ke buƙatar babbar waya da data da karatun Turanci, alhali abin da ke hannunsa ƙaramar waya ce da rediyo.

Ilimin halayyar ɗan Adam yana da amfani ga mai son tsara fuskar manhaja, kwas ɗaya a kan fahimta da tunawa ya wadatar. Shari'a kuwa, tsangayarsu ba ta cika buɗe wa 'yan waje ba, don haka ki nemi Dokar Kare Bayanai ta 2023 da Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ki karanta da kanki, musamman in tsaron intanet kike so.

Rubutu ne abin da ba na so ki raina. In akwai kwas da ake sa ɗalibi ya rubuta rahoto a gyara masa ya sake, a sashen Turanci ko na aikin jarida, yana da daraja ko da yunit biyu ne. Rabin aikin injiniyar manhaja rubutu ne ga mutane: bayanin abin da za a gina, rahoton abin da ya lalace, saƙon neman aiki. Mai aiki daga Kano ko Zariya da kamfanin da ke wata ƙasa, ta rubutunta kawai aka san ta.

To yaya za ki zaɓi fanni ɗaya cikin waɗannan? Ki fara daga ƙarshe. Ki zauna ki yi tunanin firojet ɗin da za ki so ki kare a aji huɗu, da wurin da za ki so ki yi SIWES. In abin da ya zo miki shi ne manhajar da ke gyara rubutun Hausa, kin san hanyar sashen harsuna. In na lissafin 'yan kasuwar Kantin Kwari ne, akanta. Ki duba gidanku ma. 'Yar da ta tashi a gidan masu sayar da hatsi, ko mahaifiyarta ma'aikaciyar jinya ce, ta riga ta san matsalolin wannan fanni da yarensa, kwas biyu za su ɗora ta a inda wani zai yi shekaru bai kai ba. Idan kwasa-kwasan zaɓinki da SIWES da firojet suka fuskanci alƙibla ɗaya, za ki fita da abin da za ki iya nuna wa mai ɗaukar aiki ko mai ba da gurbin digiri na biyu, ki yi bayaninsa da bakinki na minti goma ba ki kame-kame ba.

Saura abubuwan rajista, waɗanda suke kayar da ɗalibai fiye da wuyar karatu. Ki karanta littafin jagorar sashenki, domin wasu sassan sun ƙayyade jerin da za a zaɓa daga ciki, kuma kwas ɗin da ba ya cikin jerin ana iya ƙin lissafa shi ranar kammalawa. Ki duba ko kwas ɗin yana da wani da dole sai an ci kafin shi. Ki ɗora jadawalin lakca da na jarrabawa na sassan biyu ki gani ko sun yi karo, don in suka yi karo kwas ɗinki na dole ne zai sha wuya, kuma in jami'arku mai harabar biyu ce ki lissafa lokacin mota. Ki tambayi kodinetanku abin da ke faruwa in an faɗi kwas na zaɓi, ko ana musanya shi ko sai an maimaita, domin dokar ta bambanta daga jami'a zuwa jami'a. Ki tabbatar sunanki ya shiga jerin malamin tun makon farko, ki ajiye kwafin fom ɗinki da na duk wani gwaji da aka dawo miki da shi, saboda sakamakon da ke tahowa daga wani sashe shi ya fi saurin ɓacewa a hanya. Sannan ki nemi 'yan ajin gaba da suka yi kwas ɗin, kada ki tsaya a "yana ba da maki?", ki tambaye su ko malamin yana zuwa aji, ko yana ba da aiki yana dubawa.

In kuma kwas ya burge ki amma yunit ɗinki sun cika, ko kina tsoron abin da zai yi wa CGPA ɗinki, ki je ofishin malamin ki gaishe shi, ki ce ke 'yar sashen kwamfuta ce kina neman izinin zama a ajinsa ba tare da rajista ba. Ban taɓa ganin malamin da ya ƙi ba, kuma sau da yawa irin wannan gaisuwar ce ke zama sanadin samun mai duba firojet na biyu. Ki turo mini jerin kwasa-kwasan da sashenku ya amince da su, da CGPA ɗinki na yanzu, da abu biyu da kike tunanin yi a firojet, sai mu zauna a kansu kafin a rufe rajista.